Tafiyata Kano da Mai Jego da Surukata

Talata: Gwiwa zuwa Kazaure

Ƙarfe biyar da kwata, ina sallame sallar asuba, na ɗaure akwatin allura a bayan keke na bar rugar da na kwana a yammacin Gwiwa. A lokacin ni malamin allurar shanu ne, ina zaune a Roni, kuma naira ba ta daɗe da fitowa ba, mutane suna karɓarta suna kiranta sule goma. Matata Hajara tana gidansu a Babura, ta je wankan haihuwar fari, ta sami ɗa namiji kwana ashirin da suka wuce. Ranar Litinin da la'asar wani mahauci ya kawo min saƙo cewa ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Ya ce kada in damu, an ƙara mata wuta. Wannan ƙarin bayanin nasa bai kwantar min da hankali ba.

Mil tara ne zuwa Roni, na isa ƙarfe bakwai saura. Na ɗauki riga biyu da bargo, na kuma ɗauki ƙullin kanwa. Tun kafin suna na riga na sa an sauke wa gidan su Hajara itace kayan jaki goma sha biyu, da ƙauri, da kayan yaji, da kanwa ungurnu wadda na zaɓa da hannuna a wurin wani Buzu. Ba na son a ce Malam Sule ya yi ƙwauron kayan jego. Da na ji ba ta da lafiya, sai na ga abin da ya kamata shi ne in ƙaro kanwar.

Daga Roni zuwa Kazaure mil goma sha ɗaya, an yi ruwa kwana biyu a jere, rabin hanyar ni na ɗauki keken. Na shiga gari ƙarfe tara, na ajiye shi a ofishinmu, na nemi izinin kwana uku. Na sha shayi da burodi na sule a tasha. Direban motar Dambatta ya ce in yi maza in hau, yanzu za a tashi. Muka tashi sha ɗaya da minti goma.

Dambatta zuwa Babura

A Dambatta na sauka sha biyu da rabi, na sami a-kori-kura mai zuwa Babura ta Kanya Babba. Mu goma sha huɗu ne a baya, da buhunan gishiri da awaki biyu. Kafin Kanya muka kafe a wani fadama, direba ya leƙo ya ce masu gaggawa su sauka su tura. Ni kaɗai na fara sauka, sauran suka tsaya suna kallona, sai da suka ga motar ba ta san ina da gaggawa ba sannan suka biyo ni. Muka shiga Babura ƙarfe biyar na yamma, taɓo har gwiwata.

A nan sai in gabatar da Iya, mahaifiyar Hajara. Shekara biyu da aurenmu ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Nakan durƙusa a bayan zana in gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango. Hajara ce 'yarta ta fari, don haka ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce "waccan". Hajara ba ta faɗin sunana, kuma a gaban mutane ba ta kallon jaririn, tunda shi ma ɗan fari ne. Iya kuwa ita ce gwanar wankan jego a unguwarsu. Shekara talatin duk wadda ta haihu ita ake kira.

Da na ɗaga labulen ɗakin, zafi ya bugi fuskata. Hajara tana zaune a kan gadon ƙasa, garwashi a ƙarƙashinsa, ta jingina da bango. Kwana huɗu ke nan ba ta iya kwanciya, in ta miƙe sai tari ya taso, numfashi ya tsaya. Ƙafafun sun zama kamar turmi, cikin ya fi na kafin haihuwa. Ta ce min sannu da zuwa, sai da ta huta a tsakani. Ni da nake kayar da bijimi in soka masa allura, a ƙofar ɗakin nan tsoro ya kama ni sosai.

Tsofaffin gidan suka yi min bayani cewa sanyi ne ya shige ta. Wanka sau biyu ake yi mata da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, yanzu an mai da shi uku. Kunun kanwa kuma an ninka masa kanwa. Wata tsohuwa ta yaba kanwata, ta ce ba ta taɓa ganin mai ƙarfinta ba. Na ji daɗi, na ciro ƙullin da na zo da shi na miƙa.

Kafin magariba na ɗauko malamin disfensa na garin. Ya danna ƙaurinta da babban yatsa, ya ɗauke, ramin ya zauna. Ya saurari ƙirjinta, ya fito da ni waje ya ce wannan ta fi ƙarfin kwalabensa, ya rubuta takarda, ya ce a kai ta babban asibiti a Kano gobe da safe. Mahaifinta ya yarda nan take. Iya tana bakin murhu da jaririn a cinya, ta sunkuya ta ce wa yaron: "Ka gaya wa ubanka, mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Saura kwana goma sha tara."

Na durƙusa nesa kaɗan, na dubi ƙafar yaron na ce: "Ka gaya wa kakarka, malamin asibiti ya ce in aka bari sai jibi, ba sai an je ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana haɗa kwanuka.

Laraba: Babura zuwa Kano

Ƙarfe shida da rabi muka hau wata babbar mota mai kai gero. Direban, wani Babarbare mai ƙaramar murya, ya ba Hajara da Iya gidan gaba, ni na hau kan buhuna. Mil uku da fita 'yan kwastan suka tsayar da mu, saboda garin kusa yake da iyaka. Ɗayansu ya kwance ƙunshin Iya, ya ga tukunya, da gero, da kanwa, da damin ganyen darbejiya. Ya tambaye ta ko biki za ta. Ta ce asibiti. Ya leƙa ya ga Hajara, ya ɗaure ƙunshin da kansa ya ce Allah ya sawwaƙe.

Kanya Babba ƙarfe takwas, Kunya sha ɗaya saura, inda 'yan sanda suka duba takardun mota. Sau biyu direban ya tsaya don Hajara ta sha iska, bai yi ƙorafi ba, fasinjoji ma ba su yi ba. Muka shiga Kano sha biyu da rabi, mil sittin da wani abu. Tasi ta kai mu asibiti a kan sule biyar.

A wurin yankar kati akawu ya tambayi Iya sunan 'yarta, ta dubi rufi. Ya tambayi Hajara sunan mijinta, ta dubi ƙasa. Ya tambaye ta sunan jaririn, ta juya kai gefe. Ni na amsa duka ukun. Akawun ya ce in mara lafiyar tana da wani abin da take ji, ko shi ma ni zan faɗa.

Likitan wani dogon Bazazzagi ne, ba zai wuce sa'ana ba. Ya duba jijiyar wuyanta, ya auna jini, ya saurari baya da gaba, ya sa aka yi mata hoton ƙirji. Aka ba ta gado aka tada kansa sama, aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari. Kafin la'asar ta cika fo uku. Washegari na tarar ta ɗan kishingiɗa tana barci, karo na farko cikin kwana shida.

Alhamis: abin da likita ya ce

Ya kira ni ofishinsa. Ya ce zuciya tsoka ce, aikinta ta matsa ta tura jini. Ta Hajara ta saki, ta buɗe, tana matsawa amma ba ƙarfi, shi ya sa ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafa. Ya ce ciwon yana samun mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma ba a gama sanin sanadinsa ba. Amma gishiri da kanwa suna riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya gudu. Sai ya tambaye ni wa ke sayen kanwar.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mai kyau ce?"

"Ungurnu ce. Ni na zaɓa."

"To, ta yi aiki," in ji shi, ya ci gaba da rubutu.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Don in rage kunya na gaya masa ni ma ma'aikacin lafiya ne, ta ɓangaren shanu. Ya ce madalla, ashe zan iya ƙirga bugun jini. Ya lissafa min maganin. Akwai ƙwayar fitar da ruwa. Akwai wata 'yar fara ƙarama da ke ƙara wa zuciya ƙarfin matsawa, guda ɗaya a rana, ba a ƙarawa ko da an ga ta yi amfani, domin in ta yi yawa guba ce. Kafin a ba ta sai a ƙirga bugun a wuyan hannu minti guda, in bai kai sittin ba a dakata. In ta fara amai ko ganin abubuwa rawaya-rawaya a dawo da ita. Sauran maganin kuma hutu ne na watanni, ba daka, ba jan ruwa, ba gishiri, ba kanwa, ba gadon wuta, wanka da ruwa mai ɗumi kawai.

Na tambaye shi ko ba a yin aiki a gyara. Ya ce ba yagewa ta yi ba balle a ɗinke. Na ce na ji a rediyo Turawa suna cire zuciya su sa wata. Ya ce shi ma ya ji, a rediyon.

Masauki na samu a zauren wani dillalin fata ɗan Kazaure a Fagge. Tuwo da miyar kuka sule biyu, abin da a Roni za ka ci ka rage a kan sisi. Garin duk ƙarar babur da tirelolin siminti, kowa yana gini. Izinin kwana ukuna ya ƙare, na aika wa ofis takarda ta hannun direban Kazaure. Iya tana kwana a barandar ɗakin mata, tana girki a bayan ginin inda masu jinya suke kafa murhu.

Kwana na shida

Kowace safiya ana ɗora Hajara a sikeli, kullum tana raguwa, sai a kwana na biyar da na shida ta tsaya, kumburin ƙafar ya fara dawowa. Babbar nas ɗin ɗakin, wata mai jiki da ba ta dariya, ta zo wucewa ta ga kwanon sha a ƙarƙashin gado. Ta buɗe, ta sa yatsa ta lasa, ta dube ni. Ni ban san komai ba, amma ni ta duba. Ashe Iya tana dama kunu biyu, na gaban nas da na bayan nas.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita bayan ginin na same ta tana fifita wuta, jaririn a baya. Na durƙusa, na gaya wa yaron ya gaya wa kakarsa cewa kunun nan zai kashe uwarsa. Iya ta ci gaba da fifita, can ta ce wa yaron ita haihuwa tara ta yi, wanka tara, uwarta ta yi goma sha ɗaya, matan da ta wanke da hannunta ba su ƙirguwa, ga su nan suna daka. Ta ce duk wadda ba ta gasu ba ruɓewa take yi ta ciki, kuma ba za ta zauna tana kallo a bar 'ya da ɗanyen jiki ba. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba.

Likita ne ya sa aka kira ta. Ya ba ta kujera, ta zauna a ƙasa, shi ma ya sauko ya tsuguna. Ya ɗaga hoto biyu a jikin taga, na wata mata mai lafiya da na Hajara. A na farko zuciyar kamar dunƙulen hannu, a na biyu ta kusa cika ƙirjin.

"Iya, ban ce ke kika sa mata ciwo ba," in ji shi. "Akwai waɗanda ba su taɓa wankan ba kuma ya same su. Matan da kika wanke, zuciyarsu ta iya ɗauka. Wannan ba za ta iya ba. Ni ina fitar da ruwa da safe, kanwa tana mayar da shi da yamma. In muka ci gaba a haka, ke za ki yi nasara."

Iya ta daɗe tana kallon hoton. Ta tambaya wanne ne na waccan. Ya sake nuna mata. Ta tashi ta fita, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Daga ranar dai sikeli ya ci gaba da sauka, nas kuma ta ci gaba da lasar kowane kwano.

Sallama

Kwananmu goma sha shida aka sallame mu. Ƙafafun sun koma nata, tana kwanciya da matashi biyu, tana zuwa bakin ƙofa ta dawo ba haki. Likita ya zaunar da mu mu uku. Ya ce ba zai yi mana alkawari ba. Wasu matan zuciyarsu takan koma daidai cikin wata shida ko shekara, har a daina magani. Wasu takan ragu ta tsaya, su rayu da ƙwaya shekaru masu yawa in sun kiyaye. Wasu kuma ba sa kaiwa, kuma yawanci waɗanda suka koma gida suka ji sauƙi suka watsar da magani ne, ko suka koma wa gishiri da wuta. Ya ce mu dawo duk wata, a wata na shida a sake hoto. Batun wani ciki kuwa, kada a yi shi sai ya gani, in zuciyar ba ta koma ba kada a yi shi sam. Ya faɗi wannan yana kallona. Iya tana kallon bango, Hajara tana kallon ƙasa, ni kuma na rasa inda zan kalla.

Komawa Babura

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai muka tashi, wannan karon a ƙaramar bas, naira ɗaya da sule biyu kowane mutum. Hanya ta bushe, muka shiga Babura ƙarfe ɗaya da rabi. Tun daga bakin lungu na hango hayaƙi yana tashi daga gidan.

Direban geron nan ne ya kai labarin ranar dawowarmu, matan unguwa kuma suka shirya. Babbar tukunyar wanka tana kan wuta tana tafasa, an karyo sabon ganye, an zuba garwashi a ƙarƙashin gado. Tsohuwar da ta yaba kanwata ta ce sun yi shawara, za a rama kwanakin da suka kuɓuce, a ƙara bakwai saboda sanyin asibiti. Mata sun kai goma a tsakar gidan, yawancinsu Iya ce ta wanke su, suna jiran ta karɓi ganye. Ni ina daga bakin zaure, wurin da suruki yake tsayawa. A gidan mutane nake, ba ni da bakin magana a tsakar gidan nan, kuma gobe zan tafi in bar ta a hannunsu. Hajara ta tsaya riƙe da ƙullin magungunanta.

Iya ta sauke jaririn ta miƙa wa wata. Ta je ta leƙa tukunyar, ta tambaya ko ya tafasa sosai. Aka ce ya tafasa.

"To, a kamo zakaru biyu a kai wa maigida ya yanka," in ji ta. "A fige su da ruwan nan, muna da baƙo. A kwashe wutar ɗakin can a kai murhu. Miyar waccan daban za a yi, ni zan yi da kaina."

Tsohuwar ta ce, Iya, ke ce kuwa? Me za a ce a gari? Iya ta ce a ce ita ta hana. Ta ɗauki kasko ta shiga ɗakin ta fara kwashe garwashin da kanta, tunda ba wadda ta motsa. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sallama babu. Na ci naman zakara a zaure da la'asar, hawaye yana zubo min, mahaifin Hajara ya yi kamar yaji ne ya yi yawa.

Gida

Asabar na bi ta Dambatta na isa Kazaure da azahar, na karɓi kekena da faɗan shugabana, na shiga Roni ƙarfe biyar. Bayan wata biyu na je na ɗauko Hajara da yaron. A wata na shida aka sake hoto, zuciyar ta ragu amma ba ta koma ba. Ba mu sake haihuwa ba. Ta yi shekara goma sha bakwai bayan wannan tafiya, kowace safiya ina riƙe wuyan hannunta ina kallon agogo, tana cin miyar lami tana mita. Ta ga yaron ya gama sakandare, ta rasu da daminar da ta biyo baya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa malamin disfensa da ya san iyakar kwalabensa, da direban gero, da dillalin da ya ba ni zaure, da likita, da nas mai lasar kwano. Godiyata ta ƙarshe ga Iya ce, wadda ban taɓa iya yi mata ita baki da baki ba. Daga ranar da aka fige zakarun nan ba a sake kiranta wankan jegon kowa a unguwar ba har ta bar duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tada maganar ba. Allah ya jiƙansu, ita da 'yarta.